Masu tsere ko masu kai wasiƙa: wa ya buɗe hanyar sama?

Baban Walida: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya muna kwashe kayan ɗakin mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, na buɗe wata tsohuwar adaka na tarar da ƙunshin wasiƙu ɗaure da zare. Daga ƙaninsa suke, wanda ya tafi Makka ta ƙasa ya maƙale a Sudan. Takardar shuɗiya ce, siririya kamar ɓawon albasa, ita ce wasiƙar ita ce ambulan. Ciki ajami, adireshi boko, ga hoton ɗan jirgi kusa da kan sarkin. Yarona ya ce, "Baba, wai da can jirgi guda ake tayarwa saboda takarda?" Na yi dariya, amma wallahi ban da amsa. Masana, ku taimaka.

Injiniyan Zazzau: Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya gafarta wa Baba. Ka gaya wa yaron e, an yi haka, amma ba masu wasiƙa ne suka kai jirgin sama inda yake ba, 'yan tsere ne. A 1909 jaridar Daily Mail ta sa fam 1,000 ga duk wanda ya tsallake tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila, Louis Blériot ya tsallake ran 25 ga Yuli. Wata guda bayan haka aka yi gagarumin taron tsere a Reims, Glenn Curtiss na Amurka ya ɗauki kofi. Kuɗi da suna ne suka sa masu ƙira suka daina barci. Masu wasiƙa sun zo ne sun tarar an gama dahuwa.

Baba Mai Kan Sarki: Ɗana Injiniya, sannu da ƙoƙari. Shekara talatin da ɗoriya na yi a gidan waya, don haka ka bar ni in tsaya wa mutanena. Mai tsere yana zaɓen ranar da zai tashi. In ya ga hadari ya koma ɗaki, jarida ta jira. Mai wasiƙa ba shi da wannan gatan, lokaci ya yi buhu ya tashi. Kuma ba su makara ba yadda ka ce. Tun 18 ga Fabrairu 1911 wani saurayi Bafaranshe, Henri Pequet, ya ɗauki wasiƙu wajen 6,500 daga Allahabad ya tsallake kogi da su zuwa Naini a ƙasar Indiya. Shekara biyu ma ba a cika ba da abin Blériot ɗinka.

Injiniyan Zazzau: Ranka ya daɗe Baba, tafiyar da ba ta wuce kilomita 10 ba fa. Mai keke ma zai kai.

Baba Mai Kan Sarki: Mai keke zai kai, amma shi ne farko. Kai ma da rarrafe ka fara.

Na Yerwa: Baba ya ba ka, Injiniya, ka karɓa da hannu biyu. Amma ni abin da ya fi ba ni dariya ranar da Amurka ta buɗe nata, 15 ga Mayu 1918. Shugaba Wilson da kansa ya zo kallo a Washington. Aka yi ta murza farfela jirgi ya ƙi tashi, ashe ba a zuba mai ba. Da aka zuba, matuƙin, wani laftana George Boyle, ya tashi ya bi layin dogo don kada ya ɓata, sai ya bi wanda ba shi ba. Maimakon arewa ya yi kudu, ya je ya kife a wata gona a Maryland. A mota aka dawo da wasiƙun.

Maman Haidar: Innalillahi, gaban shugaban ƙasa! Shi dai bai mutu ba ko?

Na Yerwa: Lafiya lau ya fito Hajiya, sai kunya.

Baba Mai Kan Sarki: Ku yi dariya, amma ku ji abin da ya biyo baya. A shekaru tara da gidan wayar Amurka ya riƙe aikin da kansa, matuƙa sama da 30 ne suka mutu. Jiragen rarar yaƙin duniya na ɗaya ne, na katako da yadi, kan matuƙi a waje, sanyi na dukansa, ba rediyo, idonsa kan kogi da layin dogo. Wanda nake so ku riƙe sunansa shi ne Jack Knight. A Fabrairun 1921 hukuma na son nuna wa majalisa cewa wasiƙa za ta iya ratsa ƙasar dare da rana, in ba haka ba a yanke kuɗin. Shi aka miƙa wa buhu a North Platte cikin dare, hancinsa ma a karye daga wani haɗari da ya yi kwanan baya. Manoma suka yi ta hura wuta a gonaki yana bin haskenta har Omaha. A nan ya kamata ya sauka ya kwanta, sai ya tarar wanda zai canje shi bai iso ba saboda munin yanayi. Ya sha gahawa, ya karɓi taswirar hanyar mota, ya kama hanyar da bai taɓa bi ba ko da rana. A Iowa City kowa ya tashi ya tafi gida, mai gadi kaɗai ya ji ƙugin inji ya fito ya kunna masa wuta. Da safe ya sauka Chicago. Wasiƙun suka je New York daga San Francisco cikin awa 33 da 'yan mintoci, abin da jirgin ƙasa ke kwana huɗu da wani abu yana yi. Bayan haka ne aka jera fitilu bisa hasumiya, aka zuba manyan kibau na siminti a ƙasa suna nuna hanya. Wasu na nan har yau a dajin. Wane ɗan tsere ne ya bar wa na baya fitila?

Baban Walida: Allahu Akbar. Ni mai gadin nan ne ya tsaya min a rai.

Injiniyan Zazzau: Labari mai daɗi Baba, amma jarumta daban, ilimi daban. Ɗauki gasar Schneider ta jiragen da ke sauka kan ruwa. A 1913 wanda ya ci bai kai kilomita 80 a awa ba. A 1931 jirgin Supermarine S.6B ya haura kilomita 540 a awa a gasar. Wanda ya zana shi, R. J. Mitchell, shi ya zana jirgin yaƙin Ingila Spitfire daga baya, kuma abin da Rolls-Royce ya koya a injin tseren ya shiga injinan yaƙi. Buhun wasiƙa bai taɓa tilasta wa kowa ya ninka gudu sau bakwai ba. Ko Lindbergh, mutum na farko da ya tsallake Atalantika, ai kyautar dala 25,000 ya bi.

Maman Haidar: Ƙanena, gyara biyu. Na ɗaya, Lindbergh ba shi ne na farko ba, shi ne na farko shi kaɗai ba tsayawa, New York zuwa Paris a Mayun 1927, awa 33 da rabi. Alcock da Brown sun riga shi tun Yunin 1919, daga Newfoundland suka faɗa cikin wata fadama a Ireland, kuma da 'yar jakar wasiƙu a jirginsu. Na biyu, ka san aikin Lindbergh kafin nan? Mai kai wasiƙa ne tsakanin St. Louis da Chicago. Sau biyu a wannan hanyar yana dira da lema cikin dare ya bar jirgin ya faɗi. A nan ya koyi zama a farke cikin duhu. Ka ɗauko shaida, ta zama ta Baba.

Baba Mai Kan Sarki: Allah ya yi miki albarka 'yata.

Injiniyan Zazzau: Na karɓi gyaran farko Anti. Na biyun kuma zan dawo kansa.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Kuna ta Amurka da Ingila, ku zo nan kusa da gida. Mu da muka yi lakwal mun san labarin layin Latécoère, na kai wasiƙun Faransa ta sama, wanda ya koma Aéropostale. Daga Toulouse ya fara, ya kai Kasabalanka a 1919, ya kai Dakar a 1925. Tsakanin nan akwai gaɓar hamada da Sifaniya ke cewa tata ce, alhali ikonta bai wuce bakin ganuwar sojanta ba. Jiragen Breguet 14 ne, injin na mutuwa ba sallama. Shi ya sa suke tashi biyu-biyu, in ɗaya ya faɗi ɗayan ya sauka ya kwashe mutum da buhu. Matuƙinsu Jean Mermoz ya faɗi a 1926, Larabawan hamada suka kama shi sai da aka biya fansa. Wasu abokan aikinsa a shekarar kashe su aka yi. Saint-Exupéry kuwa, shi ma matuƙi, an ajiye shi a Cap Juby a wannan gaɓar yana kula da tashar, rabin aikinsa sulhu da shugabannin ƙabilu da neman waɗanda suka ɓace. A Mayun 1930 Mermoz da mutum biyu suka tashi daga Saint-Louis ta Senegal da wasiƙu kilo 130, suka sauka Natal ta Brazil bayan awa 21. Ran 7 ga Disamba 1936 ya tashi daga Dakar, ba a sake ganinsa ba, shi da jirgin da mutanensa. Har yanzu akwai unguwa a Dakar mai sunansa.

Kwamared: To, ga inda nake jira. Unguwa mai sunansa. Ɗan Damagaram, ka manta ka faɗa musu cewa a cikin jiragen nan, a tsakiyar buhunan wasiƙa, ana zaunar da tafinta ɗan ƙasa, don in an faɗi shi zai yi magana a bar Bature da rai. Iska ɗaya ta doke su, inji ɗaya ya mutu da su. Ina unguwarsa? Kuma wasiƙun wa ake kaiwa? Na gwamna da ɗan kasuwar gyaɗa da hafsan soja. Ba don kakanninmu aka shimfiɗa layin ba. Su waɗanda kuke kira masu kama mutane, ƙasarsu ake ratsawa ba izini.

Ɗan Damagaram: Maganar tafinta gaskiya ce, ban musa ba. Amma wanda ya mutu a rairayi yana ɗan shekara ashirin da wani abu ba shi ya raba Afirka a Berlin ba. Ina iya ƙin mulkin mallaka in kuma ce wane namiji ne.

Kwamared: Ka iya. Ni dai in za a yi rabon yabo a fara da wanda aka manta.

Shugaban Zaure: Jama'a a ci gaba, amma a tsaya kan jirgi da wasiƙa. Wanda ya turo tallar atamfa na goge, karo na biyu ke nan.

Na Yerwa: Tunda an zo gida, Kanawa ku fito da tutiyarku mu ji.

Baban Walida: Ai ba tutiya ba ce, tarihi ne. Ran 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarki Usman, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a filin sukuwa. Wannan kam ko yaro ya sani a Kano.

Na Yerwa: Daga ina suka taso?

Baban Walida: Daga Masar.

Na Yerwa: To mai tasowa daga Masar ta Sudan da Chadi, ƙasar wa zai fara ratsawa kafin ya ga Dala? Ku dai gode wa Barno da ta ba su hanya.

Baba Mai Kan Sarki: Ku bar wasan, akwai abin lura a nan. Jiragen DH.9A ne, jagoransu Arthur Coningham, daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso a ƙarshen Oktoba. Ba tsere suka zo ba, ba wasiƙa suka kawo ba, hanya suka zo gani. Ita kuwa hanyar, Hartum, El Obeid, El Fasher, Fort Lamy wadda ake kira Injamena yanzu, Maiduguri, Kano, wace hanya ce? Ta alhazanmu ce, wadda suke bi da jaki da ƙafa shekara da shekaru. Ƙanin mahaifin Baban Walida ita ya bi ya tafi. Sai a Fabrairun 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zuwa Kano daga Hartum duk mako da jirgin DH.86 mai inji huɗu, kuma wasiƙa ce babban kayansa. A Oktoban shekarar aka miƙa layin zuwa Legas. Kafin nan takardar London sai ta yi wajen mako biyu a jirgin ruwa daga Liverpool, sannan ta hau jirgin ƙasa daga Ikko. Ta sama kuwa mako guda ko ƙasa da haka. Ku lura, ta arewa jirgin ya shigo ƙasar nan, Legas ce ƙarshen layi.

Kwamared: Su wa suka sare ƙaya suka cike ramukan gara a duk filayen nan, Baba?

Baba Mai Kan Sarki: Talakawa, ɗana. Wannan ba sai an duba littafi ba.

Zangon Kumasi: Gaisuwa daga Ghana. In ƙara a kan ta Baba. Da yaƙin Hitila ya zo, tekun Bahar Rum ya rufe wa Ingila, wannan layin wasiƙar ne ya cece su. Daga 1940 ana kawo jirage a akwatuna Takoradi, a haɗa su, su tashi Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Hartum har Masar. Jirage sama da 5,000 suka bi ta nan. Da ba a riga an san filayen da wuraren shan mai ba, da ina za su fara?

Injiniyan Zazzau: Kun taru a kaina, to ku saurara. 'Yan tsere ma sun ratsa yankinmu, kuma su kaɗai, ba tasha ba abokin tashi. A Nuwamban 1932 Amy Johnson ta tashi daga Ingila ta bi ta Oran, ta tsallake Sahara zuwa Gao, ta kai Cape Town cikin kwana huɗu da awa bakwai ba kaɗan. Tarihin da ta karya na mijinta ne, Jim Mollison. Anti, wannan taki ce. Sannan a Fabrairun 1939 Alex Henshaw ya bi ta Gao ɗin a wani ɗan jirgin tsere, Mew Gull, wanda ko miƙe ƙafa ba a yi a ciki. Awa 39 da mintoci ya je Cape Town, ya juyo, zuwa da dawowa kwana huɗu da awa goma. Da ya sauka ɗauko shi aka yi daga kujera, zazzaɓi da gajiya sun gama da shi. Shekara 70 ba wanda ya karya wannan.

Maman Haidar: Na karɓa, kuma ga ƙari. Matan nan tsere da wasan sama ne kaɗai ƙofar da aka bar musu, don kamfanonin wasiƙa ba su cika ɗaukar mace ba. Bessie Coleman baƙar fata ce, makarantun tuƙi na Amurka suka ƙi ta, ta koyi Faransanci ta je Faransa ta samo lasisi a 1921. A 1936 Louise Thaden ta shiga gasar Bendix da maza ta cinye. Nan kam ina bayanka Injiniya. Wanda aka hana aikin albashi ba za a zarge shi da bin kofi ba.

Ɗan Damagaram: Amma ka faɗi ɗaya ka bar ɗaya. Bill Lancaster fa? Afrilun 1933 ya fito karya tarihin Amy Johnson ɗin. Ya iso Reggane a Aljeriya a gajiye, ya riga ya makara, aka ce ya kwana ya ƙi. Ya tashi da dare zai yi Gao, injin ya mutu a Tanezrouft, inda ko Buzaye ke shakkar shiga. Jirgin ya kife, ya fito da rauni a fuska. Kwana takwas yana fakewa a inuwar fiffike, yana auna ruwansa, yana rubutu a littafin jirgin, da dare yana ƙona yadin jirgin ko wani zai hango. An neme shi, amma ba a wajen ba. Sai a Fabrairun 1962 sojojin Faransa masu sintiri suka ci karo da shi, gawar ta bushe, littafin ɗaure a jikin fiffike, ana karanta shi sarai. Shekara 29. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Dirku ya san abin da kwana takwas ke nufi. Mai wasiƙa aƙalla an san layinsa, an san inda za a duba.

Baban Walida: Subhanallahi. Jikina ya yi sanyi.

Injiniyan Zazzau: Na san labarin, kuma ban ce ba a yi ganganci ba. Bari in kawo wanda zai raba mu. Oktoban 1934, tsere daga Mildenhall a Ingila zuwa Melbourne a Ostareliya, wani attajirin cakulan Macpherson Robertson ya sa kuɗin, jirage 20 suka tashi. Scott da Campbell Black suka ci cikin awa 71 da jirgin Comet da aka ƙera musamman don gasar. Ɗan tsere ya ci, magana ta ƙare.

Baba Mai Kan Sarki: Ba ta ƙare ba, faɗi na biyu.

Injiniyan Zazzau: Baba kai ma ka sani.

Baba Mai Kan Sarki: To ni in faɗa. Na biyu jirgin haya ne na kamfanin KLM na Holan, DC-2 mai suna Uiver, da fasinja uku da buhunan wasiƙa, yana tsayawa tashoshinsa kamar kullum, ya iso cikin awa 90. A daren ƙarshe hadari ya ɓatar da shi a saman wani gari Albury. Injiniyan lantarkin garin ya riƙa kashe wutar gari duka yana kunnawa, yana rubuta sunan garin da harshen tangaraho. Ma'aikacin gidan rediyo ya yi shela duk mai mota ya fito filin sukuwa. Suka jeru suka haske fili, jirgi ya sauka. Da safe ya kafe a taɓo, mutanen gari suka sa igiya suka ja shi. Comet ɗinka guda nawa aka ƙera? Biyar. Shi kuwa DC-2 ƙaninsa ne DC-3, wanda ya cika duniya, har nan ya yi ta jigila.

Injiniyan Zazzau: Amma a tsere ya nuna kansa Baba. Ba don gasar ba wa zai san ya iya?

Na Yerwa: Bazazzagi ko an kayar da shi sai ya ce kwanciya ya yi.

Kwamared: Ku lura dai, nan ma mutanen gari ne da igiya.

Maman Haidar: Yaya Baban Walida, duk wannan surutun ba ka gaya mana abin da ke cikin wasiƙun ba.

Baban Walida: Ɗazu na kai wa liman guda biyu ya karanta min, don ajamin ya fi ƙarfina. Ta farko gaisuwa ce shafi guda, kowa da sunansa har jaririn da bai gani ba, sannan a aiko masa da daddawa da kuka in an sami mai zuwa. Ta biyu yana tambaya ko an biya wani mutum sule goma sha biyu da ya bari a kansa, ya ce abin na hana shi barci. Shi bai dawo ba, a can aka binne shi. Sauran goma sha ɗaya suna nan. Ina tunanin in kai a manne min su da leda kada su yage.

Baba Mai Kan Sarki: Kul, kada ka soma. Zafin injin zai cinye tawadar, kuma in an manne ba a ɓarewa. Ka ɗauki hoton kowace gaba da baya, ka buɗe ninkin a hankali, ka sa farar takarda tsakaninsu, ka ajiye inda ba damshi ba rana. Kan sarkin ma kada ka ɓamɓare. Ka turo min hoton hatimin da ke kai, in ya fito sosai zan gaya maka ranar da aka buga shi da garin.

Baban Walida: To Baba, bayan la'asar in sha Allah. Ɗayan hatimin rabinsa ya goge, amma ana ganin 196 da wani abu.

Injiniyan Zazzau: Yaya ka turo nan zaure mu ma mu gani. Baba kuma ban sallama ba, gobe zan zo da maganar Jimmy Doolittle, ɗan tseren da ya fara tashi ya sauka a 1929 ba ya ganin waje sai agogunan gabansa.